Lissafin Yiwuwa: A Gwada Iri Kafin A Zuba A Rami

A duk shekara, da zarar damina ta kama a watan Yuni ko Yuli, ƙaramin manomi a Basunda da sauran yankunan Gadarif yakan yanke shawarar ƙwaya nawa zai zuba a kowane rami, kuma bashi nawa zai ci da alkawarin biya da kaka. Galibi ana yin haka ne da ƙiyasi da fatan sa'a. A ganinmu lokaci ya yi da za a sa lissafi a ciki, musamman ganin yadda iri da man tarakta suka yi tsada tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023.

Lissafin ba baƙo ba ne ga ɗan makaranta. Shi ne wanda aka buga a littafin Bernoulli ɗan ƙasar Suwizalan a 1713, kan abin da ake maimaitawa sau da yawa, kowane karo ko ya yiwu ko ya ƙi. Ƙwayar dawa ma haka take, ko ta tsiro ko ta ƙi.

A ƙirga ƙwaya 100, a naɗe su a jiƙaƙƙen buhu har mako guda. Idan 80 suka tsiro, duk wanda ya zuba uku a rami, ramuka 8 kacal cikin 1,000 ne za su tashi fanko ta dalilin iri. Idan kuwa 50 ne suka tsiro, ramuka 125 ne za su tashi fanko, kuma ko biyar ya zuba, zai rasa kimanin 31. Ashe ke nan gwajin mako guda zai nuna masa ko ya ƙara ƙwaya ko ya mayar wa mai shago kayansa tun kafin lokacin shuka ya wuce.

Haka batun bashin shaili, inda manomi ke karɓar kuɗi da damina ya biya da buhunan riɗi ko dawa. A ce shekara ɗaya cikin biyar ce damina ke ɓaci, kuma kowace shekara da nata. Mai jin haka zai ɗauka haɗarin kaɗan ne, alhali yiwuwar a gamu da mummunar shekara aƙalla sau ɗaya cikin shekaru uku ta kusa rabi. Wanda ya jingina dukan amfanin gonarsa shekara uku a jere, kusan canke ya yi da abincin iyalinsa.

Asibitocin karkara ma suna da nasu rabon. Gadarif ta daɗe tana fama da cutar kala'azar. Bisa lissafin Poisson na Faransa na 1837, asibitin da ya saba karɓar majinyata biyu a mako zai ga fiye da biyu a kusan mako ɗaya cikin uku. Mai ajiye magani daidai da abin da aka saba gani zai riƙa sallamar mutane hannu rabbana.

Don haka muke kira ga malaman lissafi su rage misalin kwabo da ake jefawa sama, su shigo da kwanon dawa aji, yara su gwada irin gidajensu su kai wa iyayensu sakamako. Malaman gona kuma su sa gwajin iri cikin faɗakarwar da suke yi a kasuwanni tun daga watan Mayu.