Haɗewar kamfanonin siminti: wa ake ƙirgawa cikin waɗanda aka sallama?

A watan Disamban 2024 kamfanin Holcim na Suwizalan ya sanar da sayar da kasonsa na kusan kashi 84 cikin ɗari a Lafarge Africa ga kamfanin Huaxin na ƙasar Sin, bisa ƙimar dala biliyan ɗaya da aka yi wa Lafarge Africa gaba ɗayansa. Cikin abin da ya sauya hannu har da masana'antar Ashaka da ke jihar Gombe. Ga mai buga bulo a Alajo ko direban tirela a Maamobi, labarin zai yi kama da na nesa. Sai dai Ghacem, mai masana'antu a Tema da Takoradi, shi ma a hannun Heidelberg na Jamus yake, kuma can ake yanke shawara.

Irin wannan ciniki ba sabo ba ne, kuma an ga yadda yake ƙarewa. A 2015, tun kafin Lafarge da Holcim su kammala haɗewa, Lafarge ya ce zai soke guraben aiki 380, Holcim kuma 120. A 2018 sabon kamfanin ya sanar da rufe manyan ofisoshinsa na Paris da Zurich, guraben 200 suka tafi. Da Heidelberg ya sayi Italcementi a 2016, kusan guraben 400 abin ya shafa a Italiya. Dalilin a fili yake: tun ranar sanarwa ake yi wa masu hannun jari alƙawarin rage kashe kuɗi, kuma ba a buƙatar akanta biyu a kujera ɗaya.

Waɗannan ma'aikata aƙalla an ƙirga su. 'Yan Zango fa? Galibin waɗanda ke cin abinci da siminti a Nima da Alajo ba su cikin rajistar albashin kowane kamfani. Masu lodi ne, da yaran mota, da direbobin 'yan kwangila, da 'yan dako a bakin shagon dillali. Idan sabon mai kamfani ya rage kwangilar dakon kaya, babu sanarwar da za ta ambace su.

Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003, wato Act 651, ta yi tanadi mai kyau a sashe na 65: dole a sanar da babban jami'in ƙwadago da ƙungiyar ma'aikata wata uku kafin rage ma'aikata, a kuma biya kuɗin sallama idan haɗewar kamfanoni ce ta raba mutum da aikinsa. Amma sashe na 66 ya cire masu aikin wucin gadi da masu kwangilar ƙayyadadden lokaci. A nan gizo ke saƙa, domin a wannan rukuni yawancin matasan Zango suke.

Don haka kafin a kai ga ranar sallama, tambayar da ta kamata mai lodi a Tema ya yi ita ce: sunan wa ke kan takardar ɗaukarsa aiki, na kamfanin ko na ɗan kwangila? Da yawa ma takardar ba su da ita.