Tsohuwar Akori-kura: Kafin A Ɗaga Ta, A Fara Leƙa Ƙarƙashinta

A wannan wata filin namu zai tsaya ne a kan wata tambaya da matasa ke yawan yi, cewa mutum ya samu tsohuwar akori-kura mai ja da ƙafa huɗu, wadda muke ce wa kat-kat, yana son ya tashe ta ta zama motar daji, to daga ina zai fara? Galibi kafin a ba su amsa sun riga sun yanke shawara: a sa manyan tayoyi, a ɗaga mota sama, a jera fitilu a kan rufi, a kafa ƙaton ƙarfe a gaba. Hotunan motocin Amurka da Ostareliya suka gani a waya, abin ya ba su sha'awa, kuma wannan ba laifi ba ne. Sai dai mai irin waccan mota a Amurka duwatsu yake hawa ranar Asabar don nishaɗi, in ta karye a ɗora ta bisa tirela a mai da ita gida. Shi kuwa wanda motarsa ta mutu tsakanin Agadas da Dirku, tafiyar sama da kilomita 600 ba kwalta, lissafin ruwan sha yake yi. Haka nan wanda ya ɗauko mai naƙuda daga ƙauye da damina, korama ta tare shi.

Tashin tsohuwar mota ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun lokacin da aka karya darajar kuɗin CFA a watan Janairu na 1994, farashin abin da ake shigowa da shi ya ninka, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane, sai aka koma ga na hannu masu shigowa ta Kwatano da Lome, da kuma gyaran wadda ake da ita. Makanikan Damagaram da Maraɗi da Agadas sun ƙware a wannan aiki, abin da ya rage shi ne mai kuɗin ya san abin da zai ce a yi masa.

Da farko dai, wace mota? A ganina biyu ne suka cancanci a zuba musu kuɗi. Akwai Toyota Land Cruiser jerin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984. Akori-kurarta ita ce mai lamba 75, daga 1999 kuma 79 ta gaje ta. Daga 1990 aka fara sa mata injin gazuwal mai silinda shida da ake kira 1HZ, lita 4.2, ba turbo, ba kwamfuta. Ba shi da gudu, amma yana da haƙuri, kuma da wuya a samu garin da babu wanda ya taɓa kwance shi. Ta biyu ita ce Hilux ta tsakanin 1988 da 1997, mai injin 3L lita 2.8, wadda aksul ɗin gabanta ƙarfe ɗaya ne miƙaƙƙe a kan sifirin, kamar na baya. Ta fi Land Cruiser sauƙin kuɗi da rashin nauyi, amma ba ta kai ta ɗaukar kaya ba. Masu ƙaunar Peugeot 504 za su ce an manta da su. Ba a manta ba. Kamfanin Dangel na Faransa ya mai da 504 mai ja da ƙafa huɗu a shekarun 1980, kuma mota ce mai kyau, amma kayan gyaran injinta ne ake samu ko'ina albarkacin masana'antar Kaduna, kayan aksul ɗin gaban kuwa sai an sha wuya.

In an samu motar, kada a fara da injin, a fara da shasi, watau ƙashin bayan mota. A wanke ta sarai, a hau da ita kan rami, a bi shasin da guduma ana ƙwanƙwasawa tun daga gaba har baya. Motar da ta fito daga Turai ta sha gishirin da suke zubawa a hanya lokacin ƙanƙara, tsatsa kan ci ta daga ciki, waje kuwa fenti na sheƙi. Wadda ta yi rayuwarta a nan ba tsatsa ce matsalarta ba, tsagewa ce, saboda lodi da gargada. A duba inda sifirin ke riƙe da shasi, da wajen akwatin sitiyari, da tsakanin gidan direba da bodin baya. In aka ga tsohuwar walda an shafe ta da baƙin fenti, a tambayi dalili. Inji ana sake shi, giya ana sake ta, amma shasin da ya lanƙwashe ko aka yi wa ɗori barkatai, duk abin da aka ɗora a kai asara ce. A nan ne kuma ake duba lambar shasi a gwada da ta takardu, tun kuɗi bai bar aljihu ba.

Na biyu shi ne sanyaya inji. Cikin rairayi mota na aiki da ƙarfinta duka amma tana tafiya a hankali, iska ba ta shiga lagireto sosai, ga zafin watan Afrilu. A cire lagireto a wanke ko a sake shi, a sake tiyoyin ruwa duka ko da ba su fashe ba, a duba famfon ruwa da fanka. Akwai al'adar da ta zama ruwan dare ta cire tamostat a jefar, wai don kada inji ya yi zafi. Ni ban yarda da ita ba. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa, kuma cire tamostat ɗin ɓoye ainihin ciwon kawai yake yi. Sai bel ɗin taimin: da 1HZ da 3L duka da bel suke aiki, ƙa'idar tsofaffin kuwa a sake shi kowane kilomita 100,000. Tun da ba wanda zai iya rantsuwa a kan agogon tsohuwar mota, a sake shi ranar da aka saya. In ya tsinke ana cikin tafiya, bawul da fistan ne za su yi karo.

Bayan haka birki, da sitiyari, da gwiwoyin aksul ɗin gaba. In an ga baƙin maiƙo na zuba a bayan ƙafar gaba, roba ta mutu, man aksul ya gauraya da giris, kuma ƙashin da ke juya ƙafar yana cinyewa a ciki. Wannan aikin yini ɗaya ne in an yi shi da wuri.

To, yanzu mu zo ga abin da matasa ke jira, watau tayoyi da ɗagawa. Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, wurin da ya fi kusa da ƙasa a irin waɗannan motoci shi ne tulun aksul, kuma ɗaga sifirin ba ya ɗaga shi ko da ɗan yatsa ɗaya. Jikin motar ne kawai ke yin sama. Taya ce kaɗai ke ɗaga tulun. Tayar da muka saba da ita, 7.50R16, tsayinta wajen santimita 80 ne. Babbar tayar nan ta inci 35 kuwa ta kai santimita 89. Bambancin santimita 9 ke nan, amma rabinsa ne kawai ake samu a ƙarƙashin mota, watau ƙasa da santimita 5. A madadin wannan ɗan abu me aka biya? Ƙarfin ja ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100, kuloci na shan wuya wajen tashi, birki ya yi rauni, agogo na nuna ƙasa da tafiyar da aka yi, wanda ke nufin lissafin mai ya ɓaci. Sannan in tayar ta yage a Tanut ko Ngigmi, wa ke da irinta? Ita kuwa 7.50R16 kowane mai faci ya san ta.

Game da ɗagawa, sabon sifirin mai ƙarin ganye ɗaya ko biyu a baya, da shokozoba masu kyau, sun isa su mai da motar tsayinta na asali har da ƙarin santimita 5. Abin da ya wuce nan yana ja wa tiyon birki ya miƙe, sitiyari ya dinga yawo, mota kuma ta zama mai saurin kifewa a gefen tudu. Akwai kuma wani ɗan bawul a baya wanda ke auna lodi ya raba ƙarfin birki. In aka ɗaga mota ba a daidaita sandarsa ba, sai ya ɗauka motar ba kaya ko da tana cike, birkin baya ya ragu.

Babban abokin gaba a daji shi ne nauyi. Waɗannan motoci wajen tan ɗaya aka yi su su ɗauka. Mu yi lissafi. Duro biyu na gazuwal, lita 200 kowanne, da su da ƙarfensu sun doshi kilo 380. Ruwa lita 100 kilo 100 ne. Safaya biyu wajen kilo 70. Mutum huɗu, a ce kilo 280. An wuce kilo 800 ke nan, ba a sa buhun gero ko ɗaya ba, ba a sa akwatin kayan aiki ba. Duk ƙarfen adon da mai walda ya ƙara, daga cikin wannan lissafi yake ci. Kuma kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, kusa da gidan direba, ba a kan rufi ba, ba kuma a can bayan ƙafafun baya ba.

Abubuwan da suka cancanci a ƙara kaɗan ne, kuma ba masu tsada ba. Bututun shaƙar iska da ake hawa da shi gefen gilashi, a Turai don ƙetare ruwa ake sa shi, mu nan don ƙura ne, musamman in an sa masa kwanon nan mai juya iska ya tace ƙasa. Matatar gazuwal ta biyu mai raba ruwa da mai, domin man duro da na kwalba ba a san abin da ke cikinsa ba. Farantin ƙarfe biyu na fita daga rairayi, da felu, da jak mai kyau da katakon da za a ɗora shi a kai. Sai famfon iska da ma'auninsa. A rairayi mai laushi, rage iskar taya zuwa kilo ɗaya da rabi ko ƙasa kaɗan ya fi kowace ɗagawa amfani, don tayar na shimfiɗuwa ta hau kan rairayin maimakon ta haƙa shi. Amma da an fito kan ƙasa mai tauri sai a mai da iskar, in ba haka ba tayar ta yi zafi ta fashe. Haka kuma da an hau kwalta a cire ja huɗu, domin waɗannan motoci ba su da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, sai ƙarafan su ɗaure har wani ya karye.

Saura fenti. Tun yaƙin Cadi da Libiya na 1987, wanda har aka yi masa laƙabi da Yaƙin Toyota, kowa ya san abin da akori-kura mai launin ƙasa ke iya zama, kuma halin tsaro na shekarun nan ya sa sojan da ke shinge ba ya wasa da ita. A bar ta fara, a bar gilashi ba duhu, in an sake inji ko launi a je a gyara takardu. Kafin doguwar tafiya kuma a yi mata lodi sosai, a yi yini guda ana zagaye a gargada da rairayin kusa da gari, a dawo a bi kusoshin sifirin da na ƙafafu ɗaya bayan ɗaya a sake ɗaure su, don sabon sifirin yakan zauna bayan tafiyar farko.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba wutar mota da batun batir na biyu.