Matafiyi Da Bindigarsa A Jirgin Sama

'Yan'uwa, sau da yawa mukan ji masu bindiga suna gunaguni a kan dokar jirgin sama. Suna cewa, mutum ya sayi abarsa da kuɗinsa, gwamnati ta ba shi lasin, amma da ya zo filin jirgi sai a raba shi da ita kamar wanda a ke tuhuma. Mu dai a ganimmu dokar nan daidai ta ke, kuma wanda ta fi kiyaye wa mutunci shi ne mai bindigar kansa.

Da farko ya kamata a sani ba a hana maharbi ko mai wasan harbi tafiya da makaminsa ba, sharuɗɗa aka gindaya masa. A ƙasar Amurka, inda bindiga ta yi yawa a hannun talakawa, ga yadda a ke yi. Tilas a zazzage harsashin bindigar sarai, a sa ta cikin akwati mai tauri, a kulle da kwaɗo. Sa'an nan mai ita ya faɗa wa ma'aikacin kamfanin jirgi da bakinsa a wurin awon kaya, a kai akwatin can ƙarƙashin jirgi inda fasinja ba ya iya kaiwa. Harsashi kuwa sai a cikin kwalinsa ko wani mazubi da aka yi dominsa, ba a watsa shi cikin jaka kamar gyaɗa. Bisa ƙa'idar da yawancin kamfanonin duniya su ke bi, kada na mutum ɗaya ya wuce kilo 5. Ko ƙwaya guda ba a yarda ya shiga da ita wurin zaman fasinja ba.

To, me ya kawo wannan tsanani? Ruwa ba ya tsami banza. Ran 7 ga Disamba 1987, a Kalifoniya, wani ma'aikacin jirgi da aka sallama daga aiki ya nuna takardar shaidarsa ta dā, ya wuce masu bincike da libarba a ɗure. Da jirgin kamfanin PSA ya tashi, ya harbe shugaban da ya kore shi, ya harbe matuƙa, jirgi ya faɗi, mutum 43 da ke ciki babu wanda ya tsira. Ku lura fa, sananne ne a wurin, sanin nan kuwa shi ya buɗe masa ƙofa. Bayan wannan aka tilasta wa ma'aikatan jirgi su ma a riƙa bincikensu kamar kowa. Mai bincike ba ya ganin zuciya, jaka kaɗai ya ke iya gani. A ƙasa in rigima ta tashi akwai wurin gudu, amma a sama ina za a gudu? Rai ɗari yana rataye a hannun matuƙi biyu.

Wani zai ce, ai mugaye kaɗan ne, don me za a wahal da mutanen kirki? Sai mu dubi lissafi. Hukumar tsaron sufuri ta Amurka, wadda a ke kira TSA, aka kuma kafa ta a 2001, ta kama bindiga 6,737 a wuraren binciken fasinja cikin shekarar 2023 kaɗai, kuma wajen 93 cikin ɗari a ɗure su ke. Hanzarin da aka fi ji daga bakin masu su shi ne, sun manta tana cikin jaka. Lalle da yawansu gaskiya su ke faɗi, amma gaskiyar nan ita ta fi ba mu tsoro. Wanda zai manta da ɗurarriyar bindiga a jakarsa kamar yadda a ke manta goro a aljihu, shi ne dai wanda aka yi dokar dominsa. A shekarar 2023 tarar irin wannan mantuwa takan kai kusan dala 15,000, ban da ƙarar da 'yan sanda kan iya kai shi.

Akwai kuma abin da matafiya kan sha'afa da shi, watau lasin ƙasarka ba ya ƙetare iyaka tare da kai. A 2024 an tsare waɗansu Amurkawa a tsibiran Turks da Kaikos, da ke ƙarƙashin Ingila, saboda 'yan harsasai da aka tarar cikin kayansu. Dokar wurin a lokacin ta yanka ɗaurin shekara 12 a ƙalla. Ko da ya ke an sassauta musu, daga baya ma aka gyara dokar, waɗansu sun yi watanni ba su ga iyalinsu ba.

Ba mu ce dokar nan ta toshe kowace kafa ba. Ran 6 ga Janairu 2017, a filin jirgin Fort Lauderdale na Fulorida, wani mutum da ya cika sharuɗɗan duka ya karɓi akwatinsa bayan sauka, ya shiga makewayi ya ɗura bindigar, ya fito ya kashe mutum 5. Amma ɗigar rufi ba ta sa a yaye ɗaki, gyara ta ke kira. Abin da ya auku ya nuna wurin karɓar kaya ma yana bukatar tsaro.

Saboda haka shawararmu ga duk mai niyyar tafiya da makami ita ce, ya zazzage jakarsa kakaf kafin ya shirya kaya, ya laluba kowane aljihu, ya tambayi kamfanin jirgi ƙa'idarsa, ya nemi iznin ƙasar da za shi da wadda zai ratsa tun yana gida. In ya isa fili ya faɗi abin da ya ɗauko tun ba a tambaye shi ba, ya yi haƙuri da 'yan mintocin da za a tsai da shi. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira. Allah ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.