Zauren Amare: Mai Hoto Ko Mai Bidiyo?

 

A wannan watan na so mu ci gaba da maganar lefe da muka faro, to sai ga wasiƙa daga wata ƙanwata a unguwar Gwammaja, tana cewa don girman Allah kada in jinkirta mata amsa, saura mako bakwai bikinta. Ta roƙi in sakaya sunanta, na kuma sakaya. Ga damuwarta a taƙaice. Babanta ya yi gado da kujeru da ƙyar da jiɓin goshi, Ummanta ta sayar da 'yan kunnenta na gwal ta cika kayan kicin, angon kuwa malamin firamare ne, lefe ya riga ya tatse shi tas. Ɗan abin da ya rage a hannunta na gudummawa ba zai ɗauki mai hoto da mai bidiyo gaba ɗaya ba, sai dai ɗaya. Ƙawayenta sun ce bidiyo, wai hoto ya zama tsohon yayi tunda kowa da wayarsa a hannu. Yayarta ta ce hoto. Shi kuma angon ya ce duk abin da ta zaɓa ya yi masa, kun dai san bakin maza kafin a ɗaura. Ta rufe da cewa, "Anti, wanne zan ɗauka?"

Ƙanwata, ba zan yi miki kwana-kwana ba, ki ɗauki mai hoto. Amma ki tsaya ki ji dalilina, don ni kaina sai da na zubar da hawaye a kan kaset ɗin bidiyo kafin in tsaya a kan wannan magana.

An yi bikin Ummata a 1995, lokacin da kyamarar bidiyo take tashe a Kano. Shekara biyar ke nan da fitowar Turmin Danya, fim ɗin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a 1990, kuma a lokacin duk gidan da ake ji da kai sai kin ga mai bidiyo da ƙatuwar kyamara a kafaɗa, yaronsa na biye da shi riƙe da fitila mai zafi kamar garwashi, tsofaffi suna ta tuntuɓe da wayar wutar suna salati. Abbanmu ya yi ƙoƙari ya biya duka biyun, aka kawo wa Umma albam guda da kaset guda. Muna yara mun kalli kaset ɗin nan har mun haddace inda wata Goggonmu take zamewa a bakin rijiya. Daga baya kan bidiyon namu ya lalace, faifai ya shigo yayi, aka jefa kaset saman sif aka manta da shi.

Allah Ya yi wa Inna rasuwa a 2019, wato mahaifiyar Umma. Bayan an share makoki, wata rana da daddare Umma ta kira ni ta ce, "Ke, sauko mini da kaset ɗin nan. Akwai muryar Inna a ciki, inda take mini faɗa daren da za a kai ni. Ita nake son ji."

Wallahi 'yan uwa na yi yawo. Gida-gida na bi a dangi ina tambayar mai kan bidiyo, kowa sai ya yi dariya ya ce an ba 'yan gwangwan. Ashe ma kamfani na ƙarshe da yake ƙera shi a duniya, Funai na ƙasar Japan, ya daina tun 2016. Da ƙyar aka yi mini kwatancen wani dattijo a kasuwa da yake juye tsofaffin kaset zuwa filash. Yana buɗe murfin ya girgiza kai ya nuna mini, zaren ya yi fari fat da funfuna, damina ashirin da huɗu ba wasa ba. Bawan Allahn nan ya goge, ya busar, ya yi iya yinsa. Cikin kusan awa uku, abin da ya fito bai wuce minti goma ba, shi ma hoton yana rawa yana tsartuwa. Kuma kun san me ke cikin minti goman? Maza suna cin shinkafa a ƙofar gida, sai jerin motocin 'yan ɗaurin aure. Wurin Inna gaba ɗaya ya cinye.

Da na kawo wa Umma ta kalla har ƙarshe ba ta ce uffan ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, na bi ta, na tarar ta buɗe albam ɗin nan a cinyarta. Ga Inna nan riƙe da hannunta, lalle ya kama ja wur, bakin Inna a buɗe tana magana. Launin ya ɗan koɗe ya yi ja-ja, amma ko zanen atamfarta ana gani. Yau wannan hoton yana bangon falonmu, mun sa an ƙara masa girma.

Na san wata za ta ce haba Anti, ai yanzu ba a yin kaset. Gaskiya ne. To ina faifan bikin yayata na 2012? Ya karce, in an sa sai ya tsaya cak a kan fuskar wani abokin ango, kuma yawancin kwamfutocin yanzu ko ramin sa faifai ba su da shi. Filash ƙanƙane ne, yaro ya ɗauka ya jefa a randa shi ke nan. Waya kuwa, mu da muke Kano ba sai an ba mu labarin ƙwacen waya ba. Kowane zamani da abin da yake zuba bidiyo a ciki, in zamanin ya wuce sai ya tafi da kayansa. Hoton da aka wanke a takarda ba ya neman caji, ba ya neman data, ko an ɗauke wuta kya haska fitila ki gani.

Sannan ki tambayi duk matar da ta shekara uku a ɗaki, sau nawa ta kalli bidiyon bikinta? In ta faɗi gaskiya, sau ɗaya ita da ango, sau ɗaya da ƙawaye ranar da suka zo ganin ɗaki, sai kuwa ranar da suka yi faɗa tana son ta tuna wa kanta dalilin da ya sa ta aure shi. Albam fa? Duk baƙuwar da ta shigo shi za a fara miƙa mata, ta riƙa buɗawa kafin amarya ta fito daga kicin da lemo da ragowar dubulan ɗin gara.

Wannan duk mai sauƙi ne. Dalilin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda zan faɗa yanzu, kuma ina so 'yan matan da ba a ma sa musu rana ba su buɗe kunne.

Ke kika ɗauko mai bidiyo, amma ba ke kaɗai zai ɗauka ba. Zai ɗauki matan mutane. Bara waccan aka yi bikin 'yar ƙanin Abbanmu, ranar kamu aka ce taron mata ne zalla, namiji sai dije sai mai kyamara. Akwai wata aminiyar amarya tun suna aji ɗaya a sakandare, matar aure ce, da ƙaramin ciki ma, mijin ya bar ta ta zo da sharaɗin ta koma kafin magariba. Kiɗa ya yi daɗi, ƙawaye suka ja ta fili, mayafi ya zame, ta ɗan taka rawa yadda kowace mace take yi in ta ga daga ita sai 'yan uwanta. Ba ta yi minti biyu a tsaye ba. Kafin a kai amarya ɗakinta, mai bidiyon nan ya yanko daidai wurin ya ɗora masa waƙa ya sa a shafinsa na Instagram, wai tallar aikinsa yake yi. Daga nan ya faɗa WhatsApp. Ƙanin mijin ne ya fara gani a waya a majalisarsu, abokansa suna kallo suna sharhi. Baiwar Allahn nan wata biyu ta yi a gidansu, sai da manya suka yi ta safa da marwa sannan ta koma. Har yau ita da amaryar gaisuwa ce kawai tsakaninsu, alhali amarya ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Ba na ce hoto ba ya yawo ba, yana yi. Sai dai shi hoto ana cewa ku shirya, kowa ta gyara mayafinta, wadda ba ta so ta kauce, wanda bai yi kyau ba a goge. Bidiyo kuwa ba ya sallama. Zai ɗauko mai tauna, da mai hamma, da masu gulmar dangin ango a bayan kujera da muryarsu raɗau, da tsohuwar da take tura nama a leda tana waige-waige. Sai an zauna kallo a gaban surukai kowa ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Af, ga kuma maganar liƙi da ban so in manta ba. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana watsa takardun naira da tattaka su a wurin biki, hukuncin kuwa aƙalla ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000, ko duka biyun. Da can ba wanda ya damu da ita, amma a 2024 hukumar EFCC ta kama mutane a kanta har kotu ta ɗaure, kuma bidiyon da aka yaɗa ne yake zama shaida. Kada garin neman abin tunawa ki jawo wa kawun ango kwanan gidan kaso.

To amma kada in zalunci mai bidiyo, don akwai abin da hoto ba zai taɓa ba ki ba, kuma shi ne ya sa Umma ta tashe ni neman kaset: murya. Guɗar Goggonki, addu'ar Babanki yana dafe da kanki, rawar da muryar Ummanki za ta yi in ta ce "ki yi haƙuri, ki bi mijinki." Ga kuma ɗaurin auren kansa. Mu mata muna cikin gida ake yi, daga masallaci sai dai mu ji an shigo ana cewa an ɗaura. Wace amarya ce ba za ta so ta ji da kunnenta lokacin da waliyyinta ya ce ya bayar, wakilin ango ya ce ya karɓa, sanƙira ya faɗi sadaki ba? Amma ki lissafa, duka waɗannan ba su kai rabin awa ba, kuma ba sa buƙatar jirgin nan mai kyamara da yake shawagi a saman kawunan mutane. Ki samu ƙaninki ko yayanki mai hankali, ki ce ya matsa kusa da liman ya ɗauki siga da wayarsa. Daren kai amarya kuma ki ba yayarki, ita da kika yarda da ita, ta tsaya kusa ta ɗauki faɗan iyaye. Su cika caji, su rage kayan da ke cikin wayar tun da safe, kada ana tsakiyar addu'a ta ce wuri ya cika. Washegari a tura shi waya biyu ko uku, a sa a filash, a kuma ajiye a imel ɗinki. Da an yi wa muryar Inna gida biyu da yanzu muna da ita.

Wadda kawai zan ce ta fifita bidiyo ita ce wadda wani nata na jiki ba zai samu zuwa ba, kamar uwa tana kwance a asibiti, ko dangin uba suna can Damagaram ko Kumasi. Ita ma da sharaɗi, a kashe kyamara in mata sun shiga fili.

Saura zaɓen mai hoton, don su ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Kada ki ruɗu da 'yan hotuna goma da ya tsince ya sa a shafinsa. Ki ce ya nuna miki albam ɗin biki guda daga farko har ƙarshe, ki duba na dare da na cikin ɗaki, a nan ake gane gwani. Ki kuma lura da hannunsa wajen gyara. Akwai waɗanda za su wanke ki tas su mayar da ke Balarabiya, su goge miki hanci, har wata rana 'yarki ta nuna ta ce Umma wace ce wannan kusa da Abba? Ke baƙa ce ko wankan tarwaɗa, ki ce a bar miki kalarki yadda Allah Ya yi ki. In da hali ki nemi mace don ranar lalle da kamu, yanzu akwai mata masu wannan sana'a kuma sun iya, kin ga kin huta da rabin fitina.

Kuɗi kuwa kada ki kuskura ki biya duka. Ki ba da kafin alƙalami, cikon sai albam ya shigo hannunki, in ba haka ba za ki yi suna ba ki ga hoton biki ba, na ga wadda aka yi wa haka. Ku rubuta a takarda gaban yayanki: taro nawa zai zo, hoto nawa zai wanke, ranar da zai kawo, da cewa ba zai sa ko ɗaya a intanet ba sai da izininki da na mijinki. In ya ce shi ba ya aiki da wannan sharaɗin, ki ce Allah Ya ba shi wata.

Abu ɗaya kuma da amare suke mantawa sai daga baya su yi da na sani. Masu hoto 'yan mata suke bi, masu anko da gwaggwaro, su za su cika miki albam da su, waɗansu ma ba ki san daga inda suka zo ba. Ki sa wata a gida ta kama hannunsa tun da rana, kafin kwalliya ta narke, ta kai shi ɗakin tsofaffi. Ke da kakarki, ke da Ummanki, ke da Babanki ko da zai ce shi ba ya son hoto, ki roƙe shi. Goggonni da innoni ɗaya bayan ɗaya. Su za ki fara nema in kin buɗe albam ɗin nan bayan shekara ashirin.

Ƙanwata ta Gwammaja, Allah Ya sanya alheri, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, Ya saka wa Umma da ta rabu da gwal ɗinta. In an yi gara kada a manta da Anti a rabon alkaki. Maganar lefe kuma sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.