Turancin asibiti: Darasin da ɗaliban gashin ƙashi suka fi buƙata a shekarar da aka ƙara musu

A farkon shekarar 2025 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta sanar da ɗaga darajar karatun fisiyoterafi, wanda jama'a suka fi sani da gashin ƙashi, daga digirin shekara biyar zuwa na shekara shida mai laƙabin dakta. A watan Nuwamban shekarar kuma Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya bayyana soke tsarin koyarwa da harshen uwa na 2022, inda Turanci ya koma harshen koyarwa tun daga firamare. Matakan biyu sun haɗu a kan tambaya ɗaya da ta shafi duk mai ɗa a wannan fanni, da duk mai majinyaci a gida: wane irin Turanci ne mai gashin ƙashi yake buƙata, kuma wa ke koya masa?

Kafin ɗalibi ya shiga Jami'ar Bayero ta Kano ko Jami'ar Maiduguri domin wannan karatu, sai ya samu kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO, ya kuma rubuta Turanci a JAMB. A shekarar farko yana ɗaukar darasin Turanci na bai-ɗaya tare da ɗaliban shari'a da na noma. Duk waɗannan suna auna nahawu da fahimtar rubutu. Aikin da ke jiransa a ɗakin marasa lafiya kuwa daban ne. Zai rubuta tarihin ciwo a fayil, ya bayyana abin da ya gano a gaban manyan likitoci lokacin zagayen safe, ya rubuta wasiƙar tura majinyaci wurin likitan ƙashi ko na ƙwaƙwalwa, sannan ya karanta sababbin binciken da kusan dukkansu da Turanci ake wallafa su.

Wahalar ta fi fitowa fili a Arewa, domin majinyacin da Hausa yake kawo kukansa. Tsohon da ya ce "jijiya ce ke damuna" ya yi amfani da kalma ɗaya da ta ƙunshi abubuwa da dama: jijiyar da ke ɗaukar jini, da wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi. Turancin likitanci ya ba kowacce sunanta, kuma maganin kowacce daban. Haka nan zogi da raɗaɗi da suka da tsami ba abu ɗaya ba ne a bakin Bahaushe. Ciwon da ke suka yana gangarowa ƙafa yana iya nuna an danne jijiyar laka, alhali tsamin jiki sau da yawa na tsoka ne. Idan ɗalibi ya tattara su duka ya rubuta "ciwo" kawai a fayil, ya zubar da rabin bayanin, kuma wanda zai karɓi majinyacin gobe da abin da aka rubuta zai yi aiki. Ga mai shanyewar ɓarin jiki, wanda makonnin farko na atisaye ke da matuƙar tasiri a kan yadda zai farfaɗo, irin wannan sakaci yana da tsada.

Akwai kuma batun fita waje, wanda shi ne ya sa matasa da yawa suka dage da koyon Turancin sana'a. Hukumar HCPC da ke yi wa masu wannan aiki rajista a Birtaniya ta sa maki 7 a jarrabawar IELTS a matsayin mizani, ba tare da wani ɓangare ya gaza 6.5 ba. Jarrabawar OET, wadda ta samo asali daga Ostareliya, tana da rukuni na musamman ga masu gashin ƙashi, kuma a cikinta ana sa mutum ya rubuta wasiƙar tura majinyaci, ya kuma tattauna da wani da ke kwaikwayon mara lafiya. Abin lura shi ne, abubuwan da ake gwadawa a can su ne ainihin waɗanda asibitin ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ke buƙata kullum. Sai dai matashi yakan fara koyonsu da gaske ne bayan ya kammala karatu, da kuɗin aljihunsa, lokacin da zuciyarsa ta riga ta karkata ga tafiya.

Wasu za su ce ƙarfafa wannan darasi tamkar share wa ƙwararru hanyar barin ƙasa ne. Damuwar tana da tushe, amma abin da ke korar ma'aikatan lafiya albashi ne da rashin kayan aiki. Hana ɗalibi iya rubuta rahoto mai kyau ba zai tsayar da kowa ba, illa dai ya cutar da majinyacin da ya rage a gida.

Shekarar da aka ƙara dama ce. Jami'o'i, tare da hukumar MRTB da ke yi wa masu wannan sana'a rajista tun kafuwarta a 1988, za su iya ware darasin sadarwar asibiti wanda malaman fisiyoterafi da na harshe za su koyar tare, a riƙa ba da maki a kan rubutun fayil da gabatar da majinyaci kamar yadda ake bayarwa a kan sanin sassan jiki. Wajibi ne kuma darasin ya tafi da Hausa kafaɗa da kafaɗa. An riga an aza harsashi, domin masu bincike sun fassara wasu takardun auna ciwo zuwa Hausa, ciki har da ma'aunin Oswestry na ciwon baya. Abin da ya rage shi ne a tattara kalmomin da majinyata ke faɗa a asibitocin Kano da Sakkwato da Maiduguri, a daidaita su da takwarorinsu na Turanci, a sa su a hannun ɗalibi tun kafin ya fara duba mara lafiya na farko.