Kalmar Mako: Yanken Jarida

Kalmarmu ta wannan mako ita ce yanken jarida, wato labari ko maƙala ko hoto da aka sa almakashi ko reza aka cire daga jikin jarida domin a adana. Turawan Ingila na ce masa cutting, Amurkawa su ce clipping, 'yan'uwanmu na Nijar masu karatu da Faransanci kuwa coupure de presse suka sani. Duk dai maganar yanka ce.

Amma ba kowace takardar da ta rabu da uwarta ce ta cancanci wannan suna ba. Wadda mai tsire ya naɗe muku nama a ciki yage ce. Yanke shi ne wanda aka zaɓa da niyya, aka kuma rubuta sunan jaridar da ranar fitowarta da lambar shafi a gefensa. A nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Sai ka ga ɗalibi a gasar muhawara ya ɗaga takarda yana cewa "jarida ta ce", da an tambaye shi wace jarida, kuma yaushe, sai ya yi tsuru-tsuru. Labarin farashin buhun masara in babu kwanan wata, wa zai san na bana ne ko na shekara goma da suka wuce?

Wannan matsala ta bi mu har cikin waya. Hoton labarin da ake turawa a WhatsApp shi ma yanke ne, sau da yawa kuma an datse saman da ke ɗauke da kwanan wata. Ta haka tsohon labarin rikici ke dawowa kamar jiya ya faru, hankalin iyaye ya tashi a banza. Mu dai a ganinmu, irin wannan bai kamata ya wuce wayarku ba.

Kada ku raina aikin, har sana'a an yi da shi. A Faransa, tun 1879 aka kafa kamfanin Argus de la presse, ma'aikatansa na karanta jaridu suna yanko duk inda aka ambaci mutum, su aika masa ya biya.

Jaridar gidanku za ku yanka, bayan Baba ya gama karantawa. Ta laburare ba a taɓa ta da reza. Wanda ya yanke tsohon kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939, ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Can sai dai a ɗauki hoto ko a kwafa da hannu.

Kafin ku sa almakashi, ku juya shafin ku duba bayansa, ƙila labarin da ke can ya fi wanda kuke so. Ku manna da gam kaɗan a littafi na musamman, don salatif yakan rine takarda idan ya daɗe, rana ma takan mai da ita rawaya ta dinga karyewa.