Ta Tebur a Ja Mata Waya, Laftof a Bar Mata Iska

Gidan da ke da kwamfuta biyu, ta tebur da laftof, layin intanet ɗaya da ƙaramar rauta sun ishe shi. Amma a ganina kuskure ne a ɗora duka biyun kan Wi-Fi don kawai ana ƙyamar ganin waya a ƙasa. Ta tebur ba ta zuwa ko'ina, a ja mata kebul ta samu gudun da ba ya tangal-tangal, a bar laftof ta yi yawonta. Idan bangon bulo ya shiga tsakani, a zaɓi zangon 2.4 GHz, ya fi 5 GHz ratsa gini, ko da yake bai kai shi sauri ba. Windows 10 na iya mayar da ta tebur mai rarraba intanet, sai dai da an ɗauke wuta laftof ma ta yanke, alhali rauta ƙaramin batiri ya riƙe ta. Sannan a kulle rautar da WPA2 ko WPA3 da kalmar sirri mai tsauri, in ba haka ba maƙwabta su cinye datar tun wata bai raba ba.